Giyar atomatik ta Toyota Camry 2007 zuwa 2011: tana da ƙarko, amma sai ka san aikin lambobin da ke ƙasan D

Da wuya ka shiga filin sayar da motoci a Kano ko Kaduna ko Abuja ba ka tarar da Camry ɗin nan da 'yan kasuwa ke kira Muscle ba. Yawancinsu daga Amurka aka kwaso su, suka shigo ta Legas ko Kwatano. Mai saye yakan zagaya ya duba fenti, ya kasa kunne ya ji sautin inji, ya tabbatar na'urar sanyi tana aiki, shi ke nan sai ciniki. Giya kuwa ba ta samun ko minti biyar, alhali in ka cire inji babu abin da gyaransa ya kai nata cin kuɗi. Hukuncinmu a kanta shi ne: giya ce mai haƙuri, tana cikin waɗanda suka fi jure zafinmu da hanyoyinmu. Yawancin waɗanda ake saukewa a gareji ba tsufa ne ya kashe su ba, man da bai dace ba ne da hannun direban da bai san komai ba sai D da R.

Da farko ka san wacce ke cikin motarka, domin iri uku ne. Mai injin lita 2.4 ta 2007 zuwa 2009, wadda ƙarfinta doki 158 ne, tana ɗauke da U250E mai giya biyar. Mai silinda shida, lita 3.5, doki 268, tana da U660E mai giya shida. Daga 2010 da aka sauya ƙaramin injin zuwa lita 2.5, sai aka haɗa shi da U760E, ita ma mai shida. Ba sai ka leƙa ƙarƙashin mota ba, sandar giya za ta gaya maka. In ka ga D sannan 4, 3, 2 da L, mai biyar ce. In ka ga S a gefen D da alamar ƙari da ta ragi, mai shida ce. In kuwa B ka gani bayan D, wannan mai haɗin batir da fetur ce, cikinta daban ne gaba ɗaya, bayanin nan bai shafe ta ba.

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar fahimta. Babu kulocin ƙafa, a wurinsa akwai kwambata, wani kasko rufaffe cike da mai tsakanin inji da giya. Inji yana juya fanka ɗaya, man da ta watsa ya tura fanka ta biyu, shi ya sa mota ke iya tsayawa cik a D inji bai mutu ba. Bayan kwambata akwai famfon mai, wanda injin ne kaɗai ke juya shi. Famfon yana tura mai da ƙarfi cikin bawul bodi, wato akwatin hanyoyin da ke rarraba man, kwamfuta kuma tana buɗe ƙananan bawul na lantarki, wato solonoyid, man ya je ya matse faiba (faya-fayen kuloci na cikin giyar) ɗin da ake buƙata, giya ta canza. Ka riƙe wannan: in inji ba ya juyawa, famfo ba ya aiki, babu matsi, babu man da ke zagayawa yana shafa ƙarafa. Dalilin da ya sa ba a tura atomatik ta tashi ke nan, kuma dalilin da ya sa jan ta da igiya daga Zariya zuwa Kano tayoyin gaba a ƙasa yake cinye ta. In ta mutu a hanya, a ɗaga gabanta ko a ɗora ta a kan motar ɗauka.

P ba birki ba ne. Wani ɗan haƙorin ƙarfe ne da bai fi yatsa ba, yana faɗawa tsakanin haƙoran wani faranti ya kulle shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya. In ka yi fakin a gangara ka sa P ka saki birki, nauyin motar gaba ɗaya, kusan tan ɗaya da rabi, a kan haƙorin nan yake sauka. Shi ne ƙarar "ƙwas" da kake ji in ka zo fitar da sanda da safe. Yadda ya kamata: taka birki, ja hambirki ko ka taka na ƙafa in irinsa ne a motarka, sassauta ƙafa kaɗan motar ta zauna a kansa, sannan ka kai sanda P. In sandar ta ƙi fita daga P, kafin a ce giya ta lalace a duba fitilar birki ta baya. Makullin sandar yana jiran saƙo ne daga suwic ɗin da ke saman fedar birki, in suwic ɗin ko fiyus ɗinsa ya mutu ba za ta motsa ba. Akwai ɗan murfi kusa da sandar, a ɓalle shi a danna abin da ke ƙasa, za ta saki har a kai gareji.

R kuwa doka ɗaya ce: mota ta tsaya cik kafin ka shiga, ta tsaya cik kafin ka koma D. Masu juya mota a lungu cikin sauri suna amfani da faibar giya a matsayin birki, kuma faiba ba ta warkewa.

N shi ne firi, kuma a nan ne al'adar direbobin manuwal ke yin ɓarna. Sakin mota firi a gangara don a rage shan mai ba ya rage komai a wannan motar. In tana cikin giya tana gudu ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta tana yanke fetur daga nozul, taya ce ke juya injin. In ka sa N dole ta ci gaba da ba shi fetur don kada ya mutu. Ka yi asarar riƙon inji, birki kaɗai ya rage maka, sannan in ka mayar D a guje faiba ta sha duka. Masu kashe inji gaba ɗaya a gangara kuwa suna wasa da rai ne, domin taimakon birki da na sitiyari duk daga inji suke. A danja ko tsayuwar minti ɗaya ka bar ta a D ƙafa a birki, ba abin da zai same ta. In cunkoso ya tsaya cak, irin na ranar kasuwa a bakin titi da za a yi minti biyar ba motsi, sa N ka ja hambirki, man kwambata ya huta da zafi.

Yanzu ga inda muke son a tsaya da kyau. Lambobin da ke ƙasan D ba giyar da motar ke ciki ba ne, iyaka ce. In ka sa 3, ba ka ce mata ta tashi da lamba uku ba. Ka ce mata ne ta tashi da ɗaya, ta shiga biyu, ta shiga uku, amma kada ta wuce nan. Haka 4, haka 2. L kaɗai ke riƙe ta a lamba ɗaya. Wanda ya saba da Big Daddy, Camry ɗin da ta gabaci wannan, mai giya huɗu zai tuna maɓallin da ke jikin sanda wanda ke hana shiga giyar ƙarshe, to a Muscle mai biyar tura sanda gefe daga D zuwa 4 shi ne ya maye gurbinsa.

Bambancin yana bayyana a allurar inji, mai nuna yawan juyinsa a minti. Mu ɗauki mai biyar. A gudun kilomita 100 a awa, wato kusan mil 62 a agogon motocin Amurka, allura tana zama kusan 2,000 a D. Ka tura 4 za ta hau wajen 2,700. Don haka wanda ya bar sanda a 4 bisa kuskure daga Kaduna har Abuja zai ji inji yana ƙara, tanki yana sauka, ya ɗauka motar ce ba ta da lafiya. Wannan kuskure yana da sauƙin faruwa domin D da 4 a layi ɗaya suke, hannu ko gwiwar fasinja na iya turawa. Kallo ɗaya a dashbod ya isa.

To yaushe ake amfani da su? Wuri na farko shi ne gangara mai tsawo. Mai saukowa daga Jos ta Hawan Kibo, ko daga Gembu ta kwanakwanan tsaunin Mambila, in ya bar ta a D ya danne birki tun daga sama, fad da faranti za su yi zafi, man birki na iya tafasa, musamman in ya tsufa ya sha danshi. Feda ta yi laushi a daidai lokacin da ake buƙatarta. A rage gudu da birki tun kafin a shiga gangarar, a sauko zuwa 3, in har yanzu tana ƙwacewa a sauko 2. Inji zai yi kuka, allura ta kai 3,000 ko 3,500, wannan ba illa ba ce muddin ba ta kusanci ja ba. Birki kuma a riƙa dannawa da ƙarfi na ɗan lokaci ana saki, ba a ɗora ƙafa a bar ta ba. Kwamfutar motar tana da dabarar gane gangara ta sauko da giya da kanta in ka taɓa birki, kuma tana ƙoƙari, sai dai ba ta ganin kwanar da ke gaba.

Wuri na biyu shi ne hawa da kaya. Mota ta cika da mutum biyar, but cike da buhuna, sai ka ji tana shiga biyar tana komawa huɗu, tana shiga tana komawa. Kowane canji goga ne a jikin faiba, kuma kwambata tana sakin makullinta, wanda ke haɗa inji da giya kai tsaye, tana dafa mai. Sa 4, in hawan ya yi tsanani 3, ta zauna wuri ɗaya har a kai sama. Haka a cikin gari inda gudu ke yawo tsakanin 50 da 70, in ka ji tana kai-kawo, 4 ya fi mata sauƙi. Wuri na uku shi ne yashi da taɓo da hanyar ƙauye mai ramuka, inda 2 ko L ke ba ka tafiya a hankali ba tare da ta canza giya a tsakiyar wuri mai santsi ba. In ta kafe, kada a tsaya ana ba ta wuta taya ɗaya na juyawa a banza. Difarenshal yana cikin gida ɗaya da giyar, mai ɗaya suke sha, in ya ci kansa ƙurar ƙarfensa za ta bi ko'ina. A tono, a sa katako ko duwatsu, a tura.

Wajen wuce babbar mota ba dole ka taɓa sanda ba. Danne totur har ƙasa, za ta sauko giya ɗaya ko biyu da kanta. Sai dai a nan mai biyar ɗin tana da aibin da ba za mu ɓoye ba. Totur ɗin motar na lantarki ne, kuma a 'yan 2007 musamman akwai ɗan jinkiri tsakanin takawa da amsawa, ya fi fitowa in ka rage gudu a shataletale ka sake takawa. Ƙorafin ya yi yawa a Amurka har Toyota ta fitar da sabon tsari da ake loda wa kwamfutar injin. Motocin da ba a yi wa ba suna nan da halinsu. Wanda zai wuce tirela a hanya mai layi ɗaya, ya fi masa ya sauko zuwa 4 ko 3 tun yana bayanta, ƙarfi ya zama a shirye kafin ya leƙa.

S ɗin masu giya shida shi ne ya fi ruɗa mutane. Da yawa sun ɗauka ya mayar da motar manuwal, wasu kuma sun ɗauka na gudu ne. In ka tura sanda daga D zuwa S, galibi lamba 4 ce za ta fito a dashbod ko da a tsaye kake. Wannan ba yana nufin kana lamba huɗu ba ne, iyakar nan ce dai da muka faɗa: daga ɗaya zuwa huɗu. Tura gaba wajen alamar ƙari iyaka ta koma 5 ko 6, ja baya ta sauko 3, 2, 1. S6 kusan D ne. In ka nemi saukowa a gudun da zai kai inji ja, ba za ta yarda ba, za ta yi ƙara sau biyu ta bar ka inda kake. Amfaninsa shi ne dai na 4, 3, 2, L, sai dai matakan sun fi yawa kuma hannu ba ya laluben zigzag. Direban da ya bar ta a S4 a babban titi ya hana kansa giya ta biyar da ta shida, waɗanda su ne dalilin da ya sa waɗannan motocin ke da sauƙin mai a doguwar tafiya.

A tuƙi, mai shida ta fi laushi da shiru, kuma tare da injin 2.5 ta fi mai biyar saurin amsawa. Ta V6 ta farkon 2007 ce ke da tabo: wasu suna sakin inji ya yi sama na ɗan lokaci tsakanin giya ta uku da ta huɗu, musamman da sanyin safiya. Duk wanda zai sayi V6 ya gwada ta kafin ta ɗumama.

Akwai abu ɗaya da ake ɗora wa giya alhali ba laifinta ba ne. Kwamfuta ba ta barin motar ta shiga giyar ƙarshe ko ta kulle kwambata sai ruwan inji ya ɗumama. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye tana sa inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, a asubahin hunturu a kan babban titi ma yana iya ƙin kaiwa sam. Sai mai mota ya ce giya ba ta shiga ta ƙarshe, a kama kwance-kwance. A mayar da tamostat tukuna. Haka in ta yi "gum" lokacin shiga D ko R, a duba sit ɗin inji da sandar roba ta sama kafin a taɓa giyar, domin robobin nan suna tsagewa da shekaru.

Batun mai shi ne rayuwar giyar. Dukkan ukun Toyota ATF WS suke sha. Ya fi tsofaffin jajayen man giya irin su Dexron III da T-IV tsinkewa, kuma da shi aka auna ramukan bawul bodi da halin faiba. Jan launi ba shaida ba ne cewa mai ɗaya ne. Wanda bai dace ba ba ya kashe ta a ranar, sai bayan watanni ka fara jin karkarwa a gudun 50 zuwa 70, ko canji mai naushi. Jabu ma yana yawo cikin gwangwani mai kama da na gaskiya, don haka a saya inda za a iya komawa, a duba hatimin murfi. Shawararmu ga motar da ke aiki a zafin Arewa da cunkoso ita ce a juye a sake duk kilomita 50,000 zuwa 60,000. A mai biyar, abin da ke fita in an kwance noti wajen lita uku da rabi ne, sauran yana cikin kwambata da bututu. A auna abin da ya fita, a mayar da kwatankwacinsa. In man ya yi baƙi sosai, a yi haka sau biyu ko uku da tazarar 'yan kwanaki ana tuƙi, ya fi a haɗa ta da injin wanki mai matsi wanda ke tayar da datti ya cusa shi cikin solonoyid. In an sauke farantin ƙasa a goge maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka a jikinsu ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa labari ne mara daɗi.

Mai biyar tana da sandar awo. A tuƙa ta ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, a bi da sandar giya ta kowane matsayi a dawo P, a duba mai ya kasance tsakanin alamomin zafi. Masu shida ba su da sandar awo ko kaɗan. Ana zuba mai ta wani noti a gefen giyar, ana auna cikarsa da wani ɗan bututu da ke cikin ramin juyewa, inji na aiki, zafin man yana wajen digiri 40, wanda sai da na'urar bincike ake gani daidai. In an auna da zafi sosai man ya kumbura, zai zubo fiye da kima a bar ta da ƙaranci. Makaniken da ya ce zai ƙiyasta da ido, a ɗauke motar daga wurinsa. Man kuma da ruwan lagireto yake hucewa, don haka motar da ke yawan tafasa tana dafa giyarta ma. In aka ga man ya koma kamar madara mai ruwan hoda, ruwa ya shiga, ko daga wurin hucewar ko daga kutsawa cikin ambaliyar damina. A daina tuƙi nan take, domin ruwa yana ɓare faiba daga jikin farantinta.

Kafin ka biya kuɗi, gwajin ba ya wuce rabin awa. Inji ya ɗumama, ƙafa a birki, daga N zuwa D ta kama cikin kusan daƙiƙa ɗaya, zuwa R kada ta wuce ɗaya da rabi. In sai ka ƙirga uku, matsin mai ya yi ƙasa ko faiba ta cinye. Fita titi ka taka a hankali kana ƙirga canji, huɗu a mai biyar, biyar a mai shida, allura na faɗuwa kaɗan a kowanne ba tare da ta fara yin sama ba. Riƙe gudu a 80, ka ɗan ƙara totur kaɗan: in kwambata ta kulle, allura da gudu tare za su hau. Gwada kowace lamba ka ji tana riƙe motar in ka ɗaga ƙafa. Shinshina man, in yana warin ƙuna ka bar ta. Sannan a sa na'ura ko da fitilar gargaɗi ba ta kunne, domin ana goge ta kafin a kawo mota kasuwa. P0741 yana nuni ga makullin kwambata, P2714 ga matsin mai da bawul bodi, P0705 kuwa suwic ɗin da ke gaya wa kwamfuta inda sanda take ne, shi kam gyaransa da sauƙi.

Wacce za a saya? Ga wanda ke zaune nesa da garejin da ke da na'urar bincike, mun fi son mai biyar. Kowane makanike mai natsuwa zai iya auna manta, kuma giyarta ta ƙetare ba ta wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, sai dai a duba injin 2.4 ɗin da kyau domin wasu suna shan baƙin mai. Ga mai yawan doguwar tafiya wanda ke da garejin kirki, 2010 ko 2011 mai injin 2.5 ta fi daɗin tuƙi da sauƙin fetur. Sai dai masu shida in an canza giyar ko bawul bodi, akwai lambar daidaitawa da ke manne a jikin giyar wadda dole a shigar wa kwamfuta, a goge abin da ta koya a baya, a fita da ita titi ta sake koyo. Duk wanda zai sayo giyar ƙetare ya tabbatar takardar lambar tana jikinta ana iya karantawa kafin a ɗora ta a mota.